Anthony Fokker: Yaron da Karatu Bai Shige Shi Ba, Ya Cika Sama da Jirage



Gidanmu a Nima yake, kuma duk wanda ya san unguwar ya san ba mu da nisa da filin jirgin saman Ankara. Tun ina ƙarami, da na ji rugugin jirgi sai in fito tsakar gida in ɗaga kai har ya ɓace. Kakana kuwa, kowane ƙaramin jirgi ya gani sai ya kira shi Foka. Ya ce irin wannan jirgin ya taɓa shiga na kamfanin Ghana Airways, daga nan zuwa Tamale, kuma shi ne hawansa na farko. Na daɗe ina zaton Foka wata tsohuwar kalmar Hausa ce da muka manta. Sai bara na gano ashe sunan mutum ne, Anthony Fokker, ɗan ƙasar Holan, wanda ya mutu tun 1939.

Gara in faɗi gaskiya tun farko. Ba son tarihi kaɗai ya sa na bi diddigin rayuwarsa ba. A bana zan rubuta jarrabawar BECE, amma zuciyata ta fi karkata ga shagon waldar kawuna fiye da aji. Duk ranar da babu karatu can nake wuni, ina riƙe masa ƙarfe, ina goge tsatsa. Da na ji cewa Fokker bai gama sakandare ba amma ya yi suna a duniya, sai na ce to, na samu hujjar da zan kai wa Baba don ya bar ni in ajiye littafi in kama sana'a. Na shiga bincike ina neman abin da zai goya mini baya. Ga abin da na tarar.

Ƙuruciyarsa

An haifi Anthony Fokker ranar 6 ga Afrilu 1890 a garin Blitar, a tsibirin Java, cikin ƙasar da yau ake kira Indunusiya. A wancan zamani Turawan Holan ne ke mulkin wurin, kuma mahaifinsa Herman Fokker yana da gonar kofi a can. Sunan Java ba baƙo ba ne a Ghana. Waɗanda suka je Elmina da makaranta sun ji labarin tudun da ake kira Java Hill, inda tsofaffin sojoji baƙar fata da Holan ta kwasa daga nan ta kai Java suka zauna bayan sun dawo.

A 1894, yana da shekara huɗu, iyayensa suka koma Holan suka zauna a birnin Haarlem domin yaransu su tashi a gida. Karatu bai shigi Anthony ba. Zaman aji yana gundurarsa, hankalinsa na kan jirgin ƙasa na wasan yara da ƙananan injuna masu aiki da tururi. Ya bar sakandare babu takardar gamawa. Ya ɓata lokaci mai tsawo a kan ƙirƙirar tayar mota wadda ƙusa ba za ta fasa ba, sai daga baya ya gano wani ya riga shi yin rajistar wannan dabara. Da na karanta har nan, sai na ji kamar labarina ake bayarwa.

A shekarun nan ne jirgin sama yake jariri. 'Yan uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun fara tashi a 1903. A 1908 Wilbur ya kawo jirginsu Faransa ya nuna wa jama'a, labari ya game Turai, ya kuma shiga kan Fokker. A watan Yuni 1909 aka fara ganin jirgi a sararin Holan, a Etten-Leur, amma baƙo ne ya tuƙa shi, Charles de Lambert. Sai a watan Yuli 1910 wani ɗan ƙasa, Jan Hilgers, ya tashi a garin Ede.

Gizo-gizo

A 1910 mahaifinsa ya tura shi Jamus ya koyi kanikancin mota a garin Bingen. Da ya ji akwai wata makaranta kusa da Mainz da ke koyar da sha'anin jirgin sama, sai ya koma can. A wannan shekarar, yana ɗan shekara ashirin, ya haɗa jirginsa na farko tare da wani hafsan sojan Jamus mai suna Franz von Daum, wanda ya sa kuɗi cikin aikin.

Na ga hoton jirgin, kuma da kawuna ya gani sai da ya yi dariya. Ba shi da jiki ko rufi. 'Yan sanduna ne, da inji a gaba, da kujera a fili, da fukafukai na yadi. Wayoyi masu yawa ne ke riƙe da fukafukan ta sama da ta ƙasa don kada su karye, har abin ya yi kama da saƙar gizo. Shi ya sa aka raɗa masa suna Spin, wato gizo-gizo da harshen Holan.

Von Daum ya kai jirgin farko ya buga wa bishiya. Suka haɗa na biyu, Fokker ya koya wa kansa tuƙi da shi ya samu lasisi a 1911, sai abokin nasa ya sake farfasa shi. Fokker ya haɗa na uku. Ranar 31 ga Agusta 1911, ranar bikin haihuwar Sarauniya Wilhelmina, ya tashi da shi a Haarlem, washegari kuma ya zagaye hasumiyar babbar majami'ar garin mai suna Sint Bavo, jama'a sun cika tituna suna kallo. Yaron da aka sani da kasa karatu ya zama abin alfaharin garinsu a rana ɗaya.

A nan na lura da abu na farko da bai yi wa hujjata daɗi ba. Duk lokacin da jirgi ya farfashe ko kuɗi ya ƙare, gida yake rubuta wa, mahaifinsa da danginsa su aiko. Babana direba ne. In na fasa abu sau biyu, babu gonar kofi da za ta biya na uku.

A 1912 ya kafa kamfaninsa a Johannisthal kusa da Berlin, a 1913 ya mai da masana'antar garin Schwerin. Gwani ne wurin tuƙi. Shi da kansa yake gwada jiragensa, yana juyi da su a sama a gaban masu saye, kuma da ya tashi da jirgi sau ɗaya yakan gane inda yake da aibi.

Yaƙi

A 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Holan ba ta shiga ba, ta zauna 'yar ba-ruwanmu. Fokker kuwa yana Jamus, masana'antarsa na can, kuma sojan Jamus ne babban mai sayen kayansa. Ya zauna ya yi musu aiki, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasarsu.

Da farkon yaƙin, aikin jirgi shi ne leƙen asiri. In matuƙa biyu abokan gaba suka haɗu a sama, da ƙaramar bindiga ko ta kafaɗa suke harbin juna, kuma da wuya a samu. Kowa ya san hanya mafi sauƙi ita ce a kafa bindiga mai sarrafa kanta a gaban matuƙi, ya saita hancin jirgi ya harba. Matsalar ita ce farfela tana juyi a daidai wurin, kuma harsashi zai yanke ta. Wani matuƙin Faransa, Roland Garros, ya sa ƙarafa a jikin farfelarsa don harsashin da ya buge ta ya kauce. Ya harbo jiragen Jamus da wannan dabara, amma ranar 18 ga Afrilu 1915 jirginsa ya sauka dole a yankin Jamusawa, suka kama shi, suka duba jirgin.

Cikin 'yan makonni kamfanin Fokker ya fito da abin da ya fi na Garros. Sun haɗa kunamar bindiga da injin ta hanyar wani ƙarfe mai tozo da sanda mai turawa, yadda bindigar ba za ta tashi ba sai lokacin da reshen farfela ya wuce. Ƙannena mata masu wasan tsallen igiya za su gane wannan: ba ka shiga sai igiya ta wuce, kuma juyin igiyar ne ke gaya maka lokaci. Aka sa na'urar a jirgin Fokker mai fiffike ɗaya a kowane gefe, wanda ake kira Eindecker. Daga tsakiyar 1915 zuwa farkon 1916 matuƙan Jamus irin su Max Immelmann da Oswald Boelcke suka yi ta kakkaɓo jiragen Ingila da Faransa, har Ingilawa suka sa wa lokacin suna Annobar Fokker.

Daga baya Fokker ya riƙa cewa shi kaɗai ya ƙirƙiro na'urar cikin kwana biyu. Masana tarihi ba su yarda ba. Sun nuna cewa ma'aikatansa ne suka yi yawancin aikin, musamman Heinrich Lübbe, kuma wani injiniya mai suna Franz Schneider ya riga ya yi rajistar irin wannan dabara tun 1913, har ya kai Fokker kotu a kanta.

A 1917 ya fito da jirgin da ya fi kowane suna, Dr.I, mai fukafukai hawa uku. An ƙera guda 320. Shi ne jan jirgin da Manfred von Richthofen yake tuƙawa ranar da aka kashe shi, 21 ga Afrilu 1918, bayan ya harbo jirage 80. Amma akwai abin da masu sayar da hoton jirgin ba sa faɗa. A ƙarshen Oktoba 1917 fiffiken sama na biyu daga cikinsu ya wargaje ana cikin tafiya, matuƙan suka mutu, ɗaya daga cikinsu shahararre ne, Heinrich Gontermann. Ba abokan gaba ne suka harbe su ba. Masu bincike sun gano aikin gaggawa ne a masana'anta, ga danshi da ya shiga cikin fiffiken ya lalata haɗin katako. Aka hana jiragen tashi, aka tilasta wa Fokker ya gyara su da kuɗinsa.

Mai walda

Sashen da na fi so a tarihin nan shi ne na Reinhold Platz. Mai walda ne kamar kawuna. Ya shiga kamfanin a 1912, ya ƙware wurin haɗa siraran bututun ƙarfe su zama ƙashin jikin jirgi, mai ƙarfi kuma marar nauyi. A 1916 ya zama shugaban masu ƙera sababbin samfura. A zamaninsa kamfanin ya koma yin fiffike mai kauri wanda ƙarfinsa ke cikinsa, ba ya bukatar tarin wayoyi irin na Gizo-gizo. Fiffike mai kauri yana riƙe iska ko da jirgi ya ɗaga hanci sosai, ga kuma rashin wayoyi yana rage masa jan iska.

Da wannan tsari aka yi D.VII, wanda ya ci gasar da sojan Jamus suka shirya a watan Janairu 1918. Jirgi ne mai sauƙin tuƙi, ko sabon matuƙi yana iya sarrafa shi. Abokan gaba sun ji tsoronsa har ya kai ga a yarjejeniyar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamba 1918 aka ambaci sunansa musamman, cewa Jamus ta miƙa duk waɗanda take da su.

Platz ya yi wa Fokker aiki har 1931. Sunan da ke jikin jirgi na Fokker ne, kuma mutane kaɗan ne suka san sunan mai waldar. Wannan shi ne abu na biyu da ya dame ni. Na shiga labarin ina ganin kaina a matsayin Fokker, sai na ga cewa in na bar makaranta yau, ba lallai ba ne ko matsayin Platz in kai.

Komawa gida

Da Jamus ta sha kaye, aka hana ta ƙera jiragen yaƙi, kuma kayan Fokker na cikin waɗanda za a ƙwace ko a lalata. Bai jira ba. A farkon 1919 ya loda jiragen ƙasa shida masu taragu da yawa, da jiragen sama kimanin 200 da injuna kimanin 400 da sauran kayan aiki, ya tsallaka da su iyaka zuwa Holan. Fasa-ƙwauri ne ƙiri-ƙiri, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin cin hancin da ya bayar a hanya.

Ranar 21 ga Yuli 1919 ya kafa sabon kamfani a Amsterdam. Bai sa sunansa a jikin sunan kamfanin ba, domin a lokacin mutane da yawa a Turai in sun ji Fokker, 'ya'yansu da suka mutu suke tunawa. Ya kafa masana'antar a rumfunan wani babban baje kolin jiragen sama da aka yi a arewacin Amsterdam a wannan shekara. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya baje kolin shi ne Albert Plesman, wanda ya shugabanci kamfanin KLM da aka kafa ranar 7 ga Oktoba 1919. Shi ne kamfanin da shuɗin jirginsa ke zuwa Ankara daga Amsterdam har yau.

KLM ya fara aiki a watan Mayu 1920 da jirgin haya na Ingila, amma ba da daɗewa ba ya koma sayen na Fokker, F.II da F.III, masu ɗaukar fasinja huɗu ko biyar a cikin rufaffen ɗaki. Ranar 1 ga Oktoba 1924 wani F.VII mai inji ɗaya ya tashi daga filin Schiphol da mutum uku, shugabansu Van der Hoop, za su Batavia, wato Jakarta ta yau. A Bulgeriya injin ya lalace, suka sauka dole, suka yi makonni suna jiran a aiko musu da sabo. Sun isa ranar 24 ga Nuwamba, bayan kwana 55, ko da yake awa 127 kawai suka yi a sama. Jirgin Fokker ya isa tsibirin da aka haifi Fokker. Shekara tara bayan haka, a Disamba 1933, wani Fokker mai suna Pelikaan ya kai wasiƙu Batavia cikin kwana huɗu da 'yan awoyi.

Amurka

Daga farkon shekarun 1920 Fokker ya mai da hankali Amurka, ya buɗe masana'anta a jihar New Jersey, daga baya ya zama ɗan ƙasar. A watan Mayu 1923 wasu sojoji biyu suka ratsa Amurka daga New York zuwa San Diego ba tare da sauka ba, cikin kusan awa 27, a jirgin Fokker T-2. A 1925 ya ƙara wa F.VII injuna biyu suka zama uku, don in ɗaya ya mutu sauran su riƙe jirgi. Wannan samfuri ne ya kai shi ƙololuwa.

Da irinsa Richard Byrd ya tashi zuwa ƙuryar arewacin duniya a watan Mayu 1926, ko da yake har yau ana gardama a kan ko ya isa. Da irinsa Charles Kingsford Smith da abokansa suka fara ƙetare tekun Pasifik daga Amurka zuwa Ostireliya a 1928, a jirgin da suka kira Southern Cross. A watan Yuni na wannan shekara Amelia Earhart ta zama mace ta farko da ta ƙetare tekun Atlantika ta sama, tana fasinja a cikin wani Fokker. A ƙarshen shekarun 1920 kamfaninsa na sahun gaba a duniya wajen ƙera jirage.

Sai tsohuwar matsala ta dawo. Ranar 31 ga Maris 1931 wani Fokker F-10 na fasinja yana tafiya a sararin jihar Kansas, fiffikensa ɗaya ya ɓalle. Duk mutum takwas da ke ciki suka mutu, har da Knute Rockne, mai horar da 'yan wasa da duk Amurka ta sani. Bincike ya nuna danshi ya shiga cikin fiffiken katako ya ci gam ɗin da ke riƙe shi. Daga waje fiffiken lafiya lau, ɓarnar tana ciki inda ido ba ya gani. Hukuma ta kafa dokar duba irin waɗannan fukafukai akai-akai, abin da ke cin kuɗi da lokaci, kamfanoni suka fara guje wa jirgin katako. A wannan shekarar Fokker ya rabu da kamfaninsa na Amurka, wanda General Motors ya sayi babban kaso a ciki tun 1929.

Duniya ta koma jirgin alminiyam, irin su Boeing 247 da Douglas DC-2. Abin mamaki, Fokker ya ga jirgin ƙarfe tun da wuri, domin a 1917 gwamnatin Jamus ta haɗa shi aiki da Hugo Junkers, farfesan da ya ƙera jirgin ƙarfe zalla tun 1915. Amma ya tsaya a kan abin da ya saba, fiffiken katako da jikin bututun ƙarfe da aka rufe da yadi. A 1934 KLM da kansa ya sayi DC-2, kuma jirginsa mai suna Uiver ya yi fice a gasar tsere daga Ingila zuwa Melbourne a watan Oktoba. Fokker ɗan kasuwa ne mai wayo, sai ya samu izinin sayar da jiragen Douglas a Turai. Ya ci riba, amma mutumin da duniya ke sayen jiragensa ya koma dillalin jiragen wani.

Ƙarshensa

A gida ma bai samu kwanciyar hankali ba. Aurensa na farko da aka ɗaura a Haarlem a 1919 ya mutu bayan shekara huɗu. Matarsa ta biyu ta mutu a New York a 1929, shekara biyu da aurensu. A 1931 ya fitar da littafin tarihin kansa mai suna Flying Dutchman, wanda masana ke karantawa da taka-tsantsan saboda yawan yabon kai. Ya mutu a wani asibiti a New York ranar 23 ga Disamba 1939, bayan ciwon sanƙarau ya kama shi. Shekararsa 49. A 1940 aka kai tokar gawarsa maƙabartar Westerveld, ba nisa da Haarlem.

Kamfanin bai mutu da shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injiniyoyi masu ilimi mai zurfi suka ƙera F27, wanda ya fara tashi a 1955, sannan F28 a 1967. Su ne jiragen da suka zo ƙasashenmu. Ghana Airways ya yi aiki da F28, sojan saman Ghana sun yi aiki da F27, Nigeria Airways kuma ya yi da duka biyun. Fokar kakana ke nan. Kamfanin ya karye a watan Maris 1996, kuma a Oktoba 2017 KLM ya ajiye Fokker ɗinsa na ƙarshe.

Abin da na kai wa Baba

Da na gama, na zauna da Baba bayan sallar isha'i na ba shi labarin duka, ban ɓoye sashen da ya karya hujjata ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in je in maimaita wa kawuna. Kawu ya ji labarin Platz ya yi shiru. Daga baya ya ɗauko wata takarda mai zanen gini da wani ɗan kwangila ya taɓa kawo masa, cike da lambobi da alamomi. Ya ce aikin ya wuce shi, ba don hannunsa ba zai iya ba, sai don bai iya karanta zanen ba, aka ba wani. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Har yanzu ina sha'awar Fokker. Yaron da abokinsa ya farfasa masa jirgi biyu ya tashi ya haɗa na uku, ba ƙaramin mutum ba ne. Amma ba zan iya kiransa abin koyi kai tsaye ba. Ya karɓi yabon aikin da wasu suka yi. Sau biyu, a 1917 da 1931, mutane sun mutu saboda abin da ke ɓoye a cikin fiffike. A da ina jin haushi in kawu ya sa ni in kankare walda in sake, alhali fenti zai rufe wurin. Yanzu in ya ce in sake, ba na musu. Ƙofar gida ba jirgin sama ba ce, amma ita ma in ta ɓalle kan yaro za ta faɗa.

Akwai kuma tambayar da ta fi ƙarfina, wadda nake so malamanmu su tattauna da mu a aji. Ƙasarsa ba ta shiga yaƙi ba, babu wanda ya kai wa gidansu hari, amma da dabarar harbi ta tsakanin farfela ya yi arziki, kuma da wannan arziki ya gina jiragen fasinja da suka haɗa ƙasashe. Shin amfanin da ya zo daga baya yana wanke abin da aka yi da farko? In mai sana'a ya san abin da za a yi da kayan da ya ƙera, ina iyakar alhakinsa? Ni dai a ganina ba zai ce hannunsa babu komai ba, amma ina so in ji ta bakin manya.

Mun yi shawara a gida. Zan rubuta BECE, kuma makarantar koyon fasaha zan zaɓa, inda ake koyar da lissafi da zanen injiniya tare da aikin hannu. Ranar Asabar bayan darasin Arabiyya zan ci gaba da zuwa shagon kawu. Ya ce in na iya karanta zane, ni zan riƙa karanta masa. Lissafi har yanzu yana ba ni wuya, don haka 'yan ajinmu da suka fi ni ganewa, ku yi haƙuri da ni in na zo da tambaya.